Hutun Kirsimeti a Arewacin Nijeriya: Ɗalibi Tsakanin Dangi da Abokai

Gabatarwa

Idan watan Disamba ya raba tsakiya, manyan makarantun Nijeriya sukan fara yin shiru. Ɗalibai suna ɗaure kaya, tashoshin mota kuma suna cika maƙil da matafiya. A wurin ɗalibi Kirista, wannan shi ne hutu mafi daraja a shekara, ko da yake ba shi ne mafi tsawo ba. A cikinsa ake bikin Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, da bikin sabuwar shekara ranar 1 ga Janairu. Gwamnatin Tarayya takan ba da hutu a waɗannan ranaku biyu, da kuma ranar 26 ga Disamba.

A wannan darasi za mu duba yadda ɗalibi Kirista yake yin wannan hutu a Arewa. Za mu ɗauki misalin wani saurayi ɗan Kagoro, a kudancin Jihar Kaduna, wanda yake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Za mu ga irin yanayin da bikin yake faɗowa a ciki, da yadda ake tafiya gida, da abin da ake yi a coci da cikin gida, da kuma yadda ɗalibi yake raba 'yan kwanakinsa tsakanin dangi da abokai da littattafansa.

Kirsimeti da hunturu

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, Kirsimeti yana zuwa ne a tsakiyar sanyi mai tsanani, lokacin da dusar ƙanƙara take rufe ƙasa a wurare da yawa. Shi ya sa hotunan Kirsimeti da muke gani a katin gaisuwa suke cike da farar ƙanƙara. A Nijeriya babu ƙanƙara irin wannan. Abin da muke da shi shi ne hunturu.

Hunturu busasshiyar iska ce mai tasowa daga hamadar Sahara. Tana kaɗawa daga arewa maso gabas, tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa wajen Fabrairu ko Maris. Tana ɗauke da ƙura mai laushi, wadda da yawanta take fitowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Wannan ƙura ita ce take zama hazo, har rana ta yi fari, mutum ya kasa hangen nesa. Da yake babu laima a cikin iskar, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan fice da sauri idan dare ya yi. Saboda haka ake kwana da sanyi, a tashi da sanyi, sannan gari ya yi ɗumi da tsakar rana. Irin wannan busasshen sanyi shi Hausawa suke kira ɗari. Ya fi tsanani a wurare masu tudu, kamar Jos, wanda yake bisa tsayin mita 1,200 ko fiye daga gaɓar teku.

Hunturu yana da nasa alamu a jikin mutum. Leɓe yakan tsage, fata ta yi fari, ƙafa ta yi kaushi, mura da tari su yawaita. Don haka ɗalibi ba ya mantawa da rigar sanyi da man shafawa a jakarsa. A ƙauye, man kaɗanya shi ne maganin bushewar fata, kuma da safe za ka ga yara da tsofaffi sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Dattawa sukan ja kunnen yara game da wuta, domin a wannan lokaci ciyawa ta bushe, iska kuma tana kaɗawa, gobara ba ta da wuyar tashi.

Akwai wani abu kuma da ya sa lokacin ya dace da biki. Kaka ta wuce, an girbe masara da dawa da acca, an zuba a rumbu. A yankin Kaciya da Kwoi manoma suna haƙar citta suna shanyawa. Wato abinci yana gida, kuɗi kuma sun fara shigowa hannun manomi.

Hausa a bakin Kiristocin Arewa

Mutane da yawa a Kudu suna zaton duk mai jin Hausa Musulmi ne. Ba haka abin yake ba. Akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa kusa da Zariya, da wasu ƙauyukan Kano da Katsina. Ban da su, akwai ɗimbin al'ummu a jihohin Kaduna da Filato da Nasarawa da Bauci da Gombe da Adamawa da Taraba, waɗanda suke da harsunansu, amma suke amfani da Hausa a kasuwa da coci. Daga cikinsu akwai Atyap da Bajju da Ham a kudancin Kaduna, da Berom da Ngas da Tarok a Filato.

Wannan ya samo asali ne tun zamanin 'yan mishan. Sun tarar da harsuna masu yawa a yankin, sai suka ga Hausa ce harshen da ya fi haɗa jama'a. Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, yana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan fassara, kuma a shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Manyan ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN, masu hedkwata a Jos, da EYN a Adamawa, har yau suna yin wa'azi da waƙa da Hausa a majami'unsu da yawa.

Saboda haka ɗalibinmu yana da harshe uku. Yana magana da kakarsa da harshen Kagoro, yana waƙa a coci da Hausa, yana karatu a jami'a da Turanci. Shi ma, kamar ku, Hausa ba harshensa na farko ba ne.

Tafiya gida

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Kiran waya ba ya maye gurbin zuwa, musamman a lokacin Kirsimeti. Ɗalibi yakan tashi daga Samaru da sassafe, ya shiga mota zuwa Kaduna. A can zai sake wata motar, ya bi ta Kaciya da Zonkwa har ya isa gida.

Tafiyar Disamba tana da wahalarta. Matafiya sun fi motoci yawa, don haka kuɗin mota yakan tashi. Wasu direbobi suna gudu fiye da kima domin su yi sawu da yawa a rana ɗaya, ga hazo yana rage gani. Wannan ne ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take ƙara yawan jami'anta a kan hanya a ƙarshen shekara, tana faɗakar da direbobi game da gudu da lodi fiye da ƙa'ida da tuƙi cikin maye. Saboda matsalar tsaro a wasu hanyoyi, iyaye sukan gargaɗi 'ya'yansu kada su yi tafiyar dare. Uwa ba ta samun kwanciyar hankali sai ta ga ɗanta ya sauke jaka a tsakar gida.

Ɗalibi ba ya shiga gida hannu rabbana. Ko da aljihunsa ya yi sauƙi, yakan sayi ɗan burodi ko alewa ko lemo a tasha. Wannan ita ce tsaraba, kuma ƙanne suna jiranta.

Gaisuwa

Abu na farko bayan isowa shi ne gaisuwa. Yaro yakan rusuna, yarinya kuma ta durƙusa. Ga misalin yadda ɗa yake gaida mahaifinsa:

Ɗa: Baba, ina wuni?
Uba: Lafiya lau. Sannu da zuwa. Yaya hanya?
Ɗa: Hanya lafiya, Baba. Mun same ku lafiya?
Uba: Lafiya ƙalau. Yaya karatu?
Ɗa: Mun gode wa Allah.
Uba: Yaya sanyin Zariya?
Ɗa: Lokacinsa ne, Baba.
Uba: Madalla. Allah ya yi maka albarka.
Ɗa: Amin.

Ku lura da abu biyu. Na farko, ɗan ya ce "mun same ku", ya yi amfani da jam'i domin girmamawa, kuma domin ya haɗa da sauran mutanen gida. Na biyu, Kirista da Musulmi duka suna cewa "Allah" idan suna magana da Hausa.

Gaisuwa ba ta ƙarewa a gida. Washegari ɗalibi zai zaga ya gaida kakanni, da kawu da gwaggo, da fasto, da gidajen da aka yi rasuwa ko haihuwa yana makaranta. Wanda ya ƙi yin haka za a ce boko ya sa masa girman kai, kuma iyayensa ne za su ji kunya.

Shirye-shiryen biki

Kwanaki kaɗan kafin bikin, kowa yana da aikinsa. Teloli suna kwana a kan keke domin su gama ɗinki. Iyali da yawa sukan yi anko, wato su ɗinka kaya iri ɗaya. 'Yan mata suna zuwa kitso. Samari suna share gida, su faskara itace, su ɗebo ruwa. Uwa da 'ya'yanta suna kwaɓa fulawa da sukari da bota, su yanka ƙanana, su soya cincin mai yawa, domin shi ake ba duk baƙon da ya shigo. Uba kuwa yana kasuwa yana cinikin kaza ko akuya. A wasu unguwanni mutane sukan yi karo-karo tun farkon shekara, su sayi saniya, a yanka a raba.

A nan ne babbar shawara take tasowa a kowane gida. Kuɗin da aka samu daga amfanin gona shi ne na biki, kuma shi ne na makaranta a watan Janairu. Idan aka kashe shi duka a kan kaya da nama, ɗalibi zai koma Zariya da jaka babu komai. Akwai karin maganar da take cewa, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Haka abin yake ga Kirsimeti. Ɗalibi mai hankali ba ya matsa wa iyayensa a kan sabon takalmi ko sabuwar waya, domin ya san abin da yake jiransu bayan biki.

A coci

Kirsimeti biki ne na tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa. Labarin haihuwar yana cikin Linjilar Matiyu da ta Luka. Sun faɗi yadda Maryamu ta haife shi a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi, makiyaya suka zo suka gan shi, masana daga gabas kuma suka kawo kyautar zinariya da lubban da mur. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba. An san dai cewa ana yin bikin ranar 25 ga Disamba a birnin Rum tun shekarar 336. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna yin nasu ranar 7 ga Janairu.

Tun kafin ranar, matasa suna taruwa kowace yamma suna koyon waƙoƙi, yara kuma suna shirya wasan kwaikwayo na labarin haihuwa. Ɗaliban da suka dawo hutu su ne ƙashin bayan wannan aiki. A daren jajiberi ana yin taron waƙoƙi, wasu kuma su bi gida gida suna rerawa.

Ranar Kirsimeti da safe ana yin sujada, wato taron ibada. Ana karanta Littafi Mai Tsarki, fasto ya yi wa'azi, a ba da baiko, a yi addu'a domin gari da ƙasa. Abin da ya fi jan hankalin baƙo shi ne Zumuntar Mata. Waɗannan iyaye mata ne, sanye da zane iri ɗaya. Ɗaya tana ba da waƙa, sauran suna amshi, ana kaɗa tulu da ganga da caki. Sau da yawa akan kira ɗan jami'a ya yi karatu a gaban jama'a, ko ya fassara sanarwa daga Turanci zuwa Hausa. Wannan girmamawa ce, kuma jarrabawa ce, domin dattawa suna saurare su ji ko bakinsa ya karye.

Abinci da maƙwabta

Bayan an tashi daga coci sai ci da sha. Shinkafa da miya da nama ita ce sarauniyar ranar. Wasu suna yin dafa-duka, wasu tuwon acca, ga kunu da zoɓo. Ba a rufe ƙofa. Duk wanda ya shigo ya ce, "Barka da Kirsimeti," sai a amsa masa, "Barka kadai, Allah ya maimaita mana," a kawo masa abinci. Yara suna yawo cikin sababbin kaya, suna karɓar goron Kirsimeti, wato ɗan kuɗin da manya suke ba su, kamar yadda yaran Musulmi suke karɓar goron Sallah.

Akwai wata kyakkyawar al'ada da ta kamata a sani. A garuruwan da Kiristoci da Musulmi suke zaune tare, akan zuba abinci a kwanuka a aika wa maƙwabta Musulmi. Gidaje da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya, domin maƙwabtan su ci ba tare da shakka ba. Idan Babbar Sallah ta zo, su ma sai su aiko da naman layya. Jihohin Kaduna da Filato sun sha fama da rikici tsakanin al'ummu, an yi hasarar rayuka da dukiya, har wasu unguwanni suka rabu. Saboda haka kwanon shinkafar da yaro yake kaiwa gidan maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne. Yana nuna cewa amana tana nan. Ɗalibin da ya kwana ɗaki ɗaya da Musulmi a makaranta ya fi kowa sanin darajar wannan, kuma abokan nan nasa sukan kira shi a waya su yi masa barka. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki.

Abokai

Daga ranar 26 ga wata, hankalin matasa yakan koma kan abokai. Waɗanda suka yi sakandare tare sun watsu, wani yana Jos, wata tana Keffi, wani yana koyon sana'a a Abuja. Sai a Disamba suke haɗuwa. Ana shirya gasar ƙwallon ƙafa tsakanin unguwanni, ana hawan dutse, ana ɗaukar hotuna a sa a Facebook da WhatsApp. Lokacin ɗaurin aure ne kuma, domin dangi duk suna gida. Ƙungiyoyin ci gaban gari suna yin taronsu na shekara, inda ake tattauna gyaran rijiya ko makaranta, kuma akan ba ɗalibai aikin rubuta bayanin taro.

A nan ɗalibi yakan sami kansa a tsakiya. Abokai suna kiransa yawo, uwa tana so ya raka ta gaisuwa, kaka tana so ya zauna ta ba shi labari. Idan ya bi abokai kullum, gida za su ce ya zo ne kamar bai zo ba. Idan ya maƙale a gida, abokai za su ce ya canza. Dabarar da ɗalibai da yawa suke yi ita ce su ba gida safiya, su ba abokai yamma, su dawo kafin dare ya yi nisa. Akwai kuma jarabar shaye-shaye da tseren babur, waɗanda sukan mai da farin cikin gida ya koma kuka. Ƙanne suna kallon duk abin da ɗan jami'a yake yi, kuma abin da suka gani shi za su kwaikwaya.

Sabuwar shekara da komawa makaranta

A daren 31 ga Disamba jama'a suna taruwa a coci, suna waƙa da addu'a har ƙarfe goma sha biyun dare. Da shekara ta shiga sai a yi ta murna ana cewa, "Barka da sabuwar shekara." A Kagoro, ranar 1 ga Janairu ita ce ranar bikin Afan. Biki ne na gargajiya mai nuna ƙarshen girbi da farkon lokacin farauta. Mafarauta da makaɗa da masu rawa suna fitowa a gaban Sarkin Kagoro, baƙi kuma suna zuwa kallo daga wurare masu nisa.

Bayan wannan sai haramar komawa. A makarantu da yawa hutun yakan faɗo ne a tsakiyar zangon karatu, jarrabawa kuma tana tafe. Ɗalibin da ya riƙa buɗe littafi ko da awa ɗaya ce a rana ba zai sha wuya ba. Uwa takan haɗa masa guzuri: garin masara, da wake, da manja, da yaji, da sauran cincin. Uba ya ba shi abin da ya sawwaƙa, ya yi masa nasiha. A yi addu'a tare, sannan a raka shi tasha.

Kammalawa

Mun ga cewa hutun Kirsimeti a Arewa ya ƙunshi ibada da zumunci da wasa, kuma yana da nauyin da yake ɗora wa ɗalibi: ya kula da lafiyarsa a hanya, ya tausaya wa aljihun iyayensa, ya girmama manya, ya riƙe amanar maƙwabta, kada kuma ya manta da karatu. Wanda ya san yadda hanyoyin Gabas suke cika a Disamba, ko yadda dangi suke taruwa a Ibadan ko Kalaba, zai ga cewa bambancin kaɗan ne. Harshe da abinci da yanayi sun bambanta, amma dalilin komawa gida ɗaya ne.

Muhimman kalmomi

hazo: ƙurar da take rufe sararin sama lokacin hunturu
ɗari: busasshen sanyi
tsaraba: kyautar da matafiyi yake kawowa gida
guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi yake tafiya da shi
jajiberi: ranar da take kafin ranar biki
baiko: kyautar da ake bayarwa a coci
karo-karo: haɗa kuɗi tsakanin mutane domin wata bukata
hannu rabbana: ba tare da an riƙo komai ba

Tambayoyi

1. Daga ina iskar hunturu take tasowa, kuma me ya sa ake sanyi da dare?
2. A wace shekara aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa tafiyar Disamba take da haɗari.
4. Me ya sa wasu Kiristoci suke kiran Musulmi ya yanka musu dabba?
5. Bayyana ma'anar wannan karin magana: "Zumunci a ƙafa yake."
6. Rubuta jimloli goma a kan yadda ake bikin Kirsimeti ko Sallah a garinku.